Inna da Matar Dutse Mai Tace Giya

Mahaifiyata burukutu take dafawa. Na fara da wannan ne don kada wani ya kai tsakiyar labari ya ce na ɓoye masa. Mu Hausawa ne Kiristoci, daga wani ƙauye a kudancin Katsina, kakanninmu Maguzawa, kuma na tashi ina shaƙar tsiron dawa kamar yadda 'yar mai ƙosai ke tashi da ƙaurin mai. Ni ban taɓa sha ba har yau ɗin nan, ba kuma don tsoron kowa ba. Yarinyar da ta girma tana wanke tukwanen giya da safe ba abin da zai ba ta sha'awa a ciki. Amma ko sau ɗaya ban taɓa jin kunyar sana'ar Inna ba. Ita ce ta ji kunyar, kuma sai da ta tsufa ta ji, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Babanmu ya rasu muna ƙanana, ya bar mata mu da 'yar gona da ba ta isa ta ciyar da gida ba. Tukwanen nan ne suka riƙe mu. Aiki ne mai cin jiki. A jiƙa dawa, a tsame, a baza a inuwa a rufe da ganye, ana yayyafa ruwa har ta yi tsiro. A shanya, a kai niƙa. A dama garin, a ɗora a wuta ana juyawa da muciya mai tsawon mutum, a sauke a bar shi ya yi tsami, a sake mayarwa wuta. In ya huce sai a zuba 'yar ragowar tsohuwar giya a rufe. Kashegari za ka ji randa tana kumfa ita kaɗai a ɗaki. Tsiron shi ke fito da zaƙin da ke cikin ƙwayar hatsi, zaƙin nan kuma shi ke juyewa ya zama abin da ke bugarwa. Duk barasar duniya haka take, ko ta inabi ce, ko ta sha'ir, ko bammin da ake tatsa a jikin itace: zaƙi ne aka bari ya kwana ya juya.

Iri biyu Inna take yi. Akwai burukutu, mai kauri, ja-ja, tana cika ciki kamar kunu, ita manoma ke so ranar gayya. Akwai kuma pito, wadda ake tacewa sosai, ta fi ruwa-ruwa, ta fi zaƙi, dattawa ke zama da ita a gindin bishiya suna gardama a kan iyakar gona. Mu yara ruwan farko ake sam mana, wanda bai kwana ba, zaƙi ne zalla. Ogogoro kuwa, wadda ake turarawa a tara tururinta, ba ta shiga gidanmu ko da wasa. Inna takan ce wannan ba abin sha ba ne, wuta ce aka zuba a kwalba. Tana da dokarta: in ta ji harshen mutum ya fara nauyi sai ta kife ƙwaryarsa, ya yi ta magiya ba za ta ƙara masa ba. Ba zan ce ba wanda giyarta ta kayar ba. Na ga magidancin da ya sha kuɗin takinsa, na ga matarsa ta zo ƙofar gidanmu tana kuka. Na san wannan ɓangaren, ba sai an tuna mini ba. Na kuma san cewa da wannan muciyar aka sai mini takalmin makaranta.

Bayan na yi aure aka kawo sabon fasto ƙauyenmu, matashi mai zafin wa'azi. Ya sa giya a gaba, aka ce duk mai dafawa ba za ta zauna cikin zumuntar mata ba sai ta bari. Inna ta bari. Ni har daɗi na ji, don bayanta ya huta, hayaƙi ma ya riga ya fara cin idonta, kuma a lokacin mun isa riƙe ta. Abin da ban zata ba shi ne yadda za ta juya wa rayuwarta baya gaba ɗaya. Ta fara cewa da kuɗin ƙazanta ta raine mu. Duk abin da ya samu ɗayanmu, ko zazzaɓi ne, sai ta ce alhakin mutane ne ke bin mu. Ranar da na haifi 'yata ta fari ta kama hannuna ta ce, "Ki yi mini alkawari, jikokina ba za su san abin da na yi ba. Ki ce musu noma nake yi." Na yi faɗa, na yi kuka, don ni bakina ba ya shiru, kowa a gidanmu ya san haka. Ta ƙi sakin hannuna sai da na yi alkawarin.

Shekaru suka wuce, aka tura maigidana aiki ofishin jakadancinmu da ke Alƙahira. Muka samu gida a kusa da Hay el-Sabi', unguwar da in ka fita sayen burodi za ka ji Hausa a baki uku kafin ka dawo, saboda ɗaliban ilimin addini da suka cika ta. 'Yar tawa ta zama budurwa a can, Hausarta a karkace, Larabcinta ya fi nawa, ba ta iya gama magana ba tare da "khalas" ba, wato "shi ke nan". Kakarta kuwa, yarinyar ta san ta ne a matsayin tsohuwa mai noman gyaɗa da yawan addu'a.

Sai aka aiko mana cewa ciwon yana ya rufe wa Inna ido biyu, ko fuskar mutum ba ta ganewa. Muka yi shawara aka kawo ta a yi mata aiki a nan. Kafin ta iso maigidan ya yi wani abu da har yanzu nake tsokanarsa da shi. Shi yakan ɗan taɓa giyar kwalba ranar hutu, yana da fara mai sanyi da yake sha da gasasshen kifi, da baƙa mai ɗaci wadda ya ce sha'ir ɗinta gasawa ake yi sai ya yi duhu. Yakan yi mini dogon bayani a kan bambancinsu kamar wanda ya taɓa dafawa. Ana gobe surukarsa za ta sauka ya kwashe su kaf daga firji ya kai wa wani abokinsa, har da wanke firjin da sabulu. Na ce masa, "Kai da ka auri 'yar mai burukutu, yau kai ne kake ɓoye wa mai burukutun giya?" Ya ce in rufa masa asiri, surukuta ba wasa ba ce.

Muna jiran ranar aiki sai maƙwabciyata ta zo gaishe ta. Hajiya ce daga Zariya, mijinta tare suke aiki da nawa, mace mai son mutane, ita ta koya mini cinikin kasuwa da Larabci. Ta zo da lemon gwangwani, irin ruwan sha'ir ɗin nan da Misirawa ke sha ko'ina, wanda ba ya bugarwa amma gwangwaninsa da kumfarsa kamar na giya. Ta fasa ta zuba wa Inna a kofi. Inna ba ta gani, amma hancinta lafiya lau yake. Tana kai kofin kusa da baki ta tsaya cak.

"Hajiya, me kika ba ni?"

Hajiya ta fashe da dariya. "Ma'alish Inna, yi haƙuri, ba abin da kike tsammani ba ne. Ruwan sha'ir ne kawai, babu komai a ciki. Har malaman nan masu gemu suna sha."

Inna ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta juya shi da harshe yadda na sha ganin tana yi a bakin randa. Na ga fuskarta ta canza, ta zama fuskar da na sani ina yarinya. Ta ce, "An yi tsiro, an dafa, sai dai ba a bar shi ya..." Sai ta katse. Ta aje kofin ta ce, "Da daɗi. Allah ya yi albarka."

Hajiya ba ta lura ba. Ta ci gaba da hira, har ta tambaya, "Inna, a gida wace sana'a ake taɓawa?"

"Noma, 'yar nan. Ɗan noman gyaɗa."

Na tashi na shiga kicin na yi ta buga tukwane ba dalili. Matar da mutane ke tasowa daga nesa don aikin hannunta, ga ta a falona tana ƙanƙan da kai kamar wadda ta yi sata. Hajiya ba za ta raina ta ba, na san halinta, ƙila ma ta yi dariya ta ce kowa da inda ya fito. Amma alkawari na yi, sai na haɗiye.

Aikin ido ya yi kyau. Da aka cire bandeji ta dube ni tsawon lokaci, ina jiran ta yi godiya ga Allah, sai ta ce, "Ashe kin tsufa haka?" Da ta dubi jikarta kuwa, sai shafa mata fuska take yi. Tun daga ranar yarinyar ta ɗaura aniyar nuna wa kakarta duk abin da ke garin. Makarantarsu ta taɓa kai su babban gidan tarihi da ke Wustul Balad, tsakiyar birnin, ta nace sai Kaka ta ga kayan Fir'aunoni. Ni da na yi shekaru a garin ban taɓa leƙa wurin ba, kullum wucewa nake yi ta gabansa in zan je canjin kuɗi. Da likita ya ce Inna za ta iya fita in ta sa baƙin tabarau, wata safiya yarinyar ta tsaya a kanmu, "Yalla Kaka, yalla Mama, mu tafi, rana za ta yi." Muka tari tasi muka tafi.

Sarakunan ba su burge Inna ba ko kaɗan. Ta dubi manyan gumakan nan masu tsawon bene ta ce, "Duk wannan dutse, da an yi dutsen niƙa da shi ai da gari ya huta." Akwatunan gawa kuwa ta ƙi matsawa kusa da su, ta ce ba ta zo Masar gaisuwar mutuwa ba. Wani dattijo mai gadi ya ga tana dingishi ya kawo mata kujera yana cewa "Itfaddali ya hajja," wato bismillah hajiya, don su duk tsohuwa hajiya ce a wurinsu. Inna ta tambaye ni me ya ce, na faɗa mata, ta ce to ta gode, ta samu Hajji ba ta biya ko sisi ba.

Da ta huta muka shiga wani ɗaki da babu cunkoso. Nan ba sarakuna, ƙananan mutane ne na dutse a cikin gilashi, kowa da aikinsa. Wata ta durƙusa tana niƙa, wani yana gashin burodi ya kare fuskarsa da hannu saboda wuta. Nan Inna ta farka. Ta cire tabarau duk da na hana, ta ce wa mai niƙan, "Sannu da aiki, baiwar Allah." Muna dariya muka matsa gaba, sai na ga ta tsaya.

Wata mace ce, tsawonta bai fi kamu biyu ba. Zane kawai ta ɗaura a ƙugu, da abin wuya. Ta sunkuya a kan wata babbar tukunya, an ɗora matata a bakin tukunyar, hannayenta biyu sun nutse a ciki tana matsa. Kafaɗunta cike suke, damatsanta masu kauri. Ta ɗago kai kamar an kira ta daga ƙofar gida, amma hannun bai bar aiki ba. Ban buƙaci kowa ya karanta mini komai ba. Haka nake samun Inna in na dawo daga makaranta, haka take ɗago kai ta ce in aje jaka in kawo itace. Na dubi Inna, ita ba ta dube ni ba.

Yarinyar ta duƙa ta karanta 'yar takardar da ke jikin gilashin, ta juyo da murnarta. "Kaka, wannan giya take yi. Malamarmu ta ce da sha'ir suke yi, da burodin da bai gama gasuwa ba, su jiƙa su matse. Wai mai kauri ce kamar kunu, ba irin ta kwalba ba. Har ma'aikatan da suka gina dala ana ba su kullum, kamar abinci." Mai gadin nan da ya biyo mu a hankali ya nuna tukunyar ya ce, "Buza," ya yi wa yarinyar bayani da Larabci. Yarinyar ta ce wai sunanta ke nan a nan, kuma har yanzu akwai masu yin irinta a tsofaffin unguwanni, sai dai ta yi ƙaranci.

Inna ta matsa har goshinta ya kusa taɓa gilashin. Ta duba hannayen, ta zagaya ta duba bayan matar, ta dawo.

"Tukunyar ta yi mata ƙasa," ta ce a hankali, kamar da kanta take magana. "Da ta sa dutse a ƙarƙashi. Wannan kafin ta haifi na uku bayanta ya tafi. Kuma dubi yadda take matsawa da tafin hannu, ba ta murɗawa. Ta iya. In ka murɗa, dusa ke bi ta sauka."

Yarinyar ta yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. "Kaka, ya aka yi kika sani?"

A rayuwata ban taɓa riƙe bakina kamar ranar ba. Maganar tana nan a kan harshena, shekara da shekaru take jira, amma ba tawa ba ce. Na kama bakin gyalena na cusa a baki. Na ga Inna ta buɗe baki, na san noman gyaɗa ne zai fito, ko ta ce a maƙwabta ta gani. Ta sake duban matar dutsen. Ta tambayi jikarta, "Wa ya sa aka sassaƙa ta?"

"Wani babban mutum ne. A kabarinsa aka same ta. Wai suna sa irinsu ne don kada ya rasa abin sha a lahira."

"Ko a kabari ba su bar ta ta huta ba," in ji Inna. Ta girgiza kai, ta yi wata 'yar dariya da ta fi kama da tari. "Kuma shekara nawa tana nan?"

"Dubbai, Kaka. Tun kafin Annabi Musa."

"Kuma mutane na biyan kuɗi su zo su gan ta."

"Har daga ƙasashen Turawa."

Wasu baƙi suka shigo da mai yi musu bayani, suka tsaya a bayanmu, suka ɗauki hoto suka wuce. Sai da ɗakin ya koma shiru Inna ta miƙa hannayenta biyu gaban jikarta, ta juya su, duk tabon ƙuna daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu.

"Kin ga waɗannan? Ba fartanya ba ce ta yi su. Sana'ata ke nan, irin ta wannan matar. Burukutu da pito nake dafawa, da dawa. Da shi na ciyar da uwarki, da shi ta yi karatu har ta auri mai kawo ta Masar. Na bari, kuma ba zan koma ba, don na ga abin da take yi wa wanda bai san iyakarsa ba. Na ce kada a faɗa miki. Yanzu ni na faɗa da bakina."

Ba ta sunkuyar da kai ba. Ni dai ina tsaye ina jiran abin da yarinyar za ta yi, don 'ya'yan yanzu ba ka sanin inda za su faɗa. Na ji tsoro ta yamutsa fuska, ko ta ce "haram" yadda ƙawayenta ke cewa, in kuwa ta yi haka na san Inna ba za ta sake ɗago kai ba har ta koma ga Allah.

Yarinyar ta kama hannun kakarta tana bin tabon da yatsa. Ta dubi matar dutsen, ta dubi Inna. Ta juyo gare ni ta ce, "Mama, kin sani duk lokacin nan?" Na gyaɗa kai, gyale a baki. Ta ce, "Ke da ba kya iya riƙe magana?" Inna ta yi dariya sosai a wannan karon, har mai gadin ya leƙo.

Daga nan tambayoyi suka ɓarke. Kwana nawa dawa take yi kafin ta tsiro, me ya sa ake dafawa sau biyu, wace ce ta fi ƙarfi tsakanin burukutu da pito, ita Kaka tana sha ne. Inna ta ce ɗanɗanawa kawai take yi, mai dafawa in ta sha wa zai ƙirga ƙwarya. Tana bayani tana nunawa da hannu a kan gilashin, tana gyara wa jikarta Hausa a tsakani, mai gadin yana ta roƙo da "ya hajja" a daina taɓa gilashi. Rabona da jin ta yi magana mai tsawo haka da ƙarfin murya tun ina budurwa.

Can yarinyar ta rage murya ta ce, "Kaka, tsakani da Allah, taki tana da daɗi? Ta fi ta sauran?"

Inna ta waiga dama da hagu, kamar faston ƙauyenmu zai ɓullo daga bayan wani gunki. Ta gyara ɗaurin kallabinta. Ta ce, "Ranar kasuwa, in tawa ba ta ƙare ba, ba wadda ke sayar da ko ludayi ɗaya. A kan keke ake tahowa daga ƙauyukan da ban taɓa zuwa ba. Ki tambayi uwarki."

Suka juyo su biyu suna jiran in ba da shaida. Na buɗe baki, ni da ake cewa ba a rufe mini shi, maganar ta ƙi fita. Kuka nake yi a tsakiyar gidan tarihin mutane, ina gyaɗa kai. Inna ta ce wa jikarta, "Rabu da ita, gaskiya ce ta sa ta kuka. Zo ki ɗauke ni hoto da 'yar'uwata, ki tabbata hannuna ya fito."